Tagar cocinmu mai gilashin launi ba ta fitowa da dare, ina mafita?

Tambaya: Ni dattijo ne a kwamitin ikilisiyarmu. Muna da babbar taga mai gilashin launi da ke fuskantar titi, muna so masu wucewa su riƙa ganin zanenta da dare, amma kuɗin da aka ware kaɗan ne. Wani mai gyaran wuta ya ce mu kafa fitilun halojin biyu masu wat 500 dab da tagar ta ciki. Tagar ta tsufa, ina tsoron kada mu lalata ta.

Amsa: Ranka ya daɗe, tsoron nan naka yana kan hanya. Kada ku bari a kafa waɗannan fitilu.

Kusan duk wanda ya zo mini da batun irin wannan taga, da wannan shawarar yake zuwa: a samo fitila mafi ƙarfi, a matso da ita jikin gilashi, a haska. Ban san wanda ya fara yaɗa ta ba, amma ta ci tagogi da yawa. Jikin ƙwan halojin yana wuce digiri 250 a ma'aunin Selsiyas idan yana ci, haka aka ƙera shi, kuma mafi yawan wutar da yake sha zafi take zama. Gilashin da ke saitin fitilar zai yi zafi ya ƙara faɗi, gefensa da ke cikin dalmar da ke haɗa gutsattsarin gilashin yana nan da sanyinsa, ga iskar dare tana bugunsa ta waje. Daga nan sai tsagewa. Gilashi mai duhu, irin shuɗi da ja, shi ya fi shan zafin, shi ke fara tafiya. Dalmar da ke riƙe da gutsattsarin kuwa tana saki a hankali saboda zafi da sanyi na kowane dare, har tagar ta fara yin ciki. Mai gyaran wutar ya karɓi kuɗinsa ya tafi tun tuni, gyaran taga ɗaya kuma sai ya cinye kuɗin fitilu goma. Ban ma zo kan labule da katakon da ke kusa ba, waɗanda ke iya kamawa da wuta.

Abin haushin shi ne, ko gilashin bai fashe ba, aikin ba zai yi kyau ba. Yawancin gilashin launi garau yake, haske yana ratsa shi ya wuce kai tsaye. Wanda ke tsaye a titi zai ga tabon haske guda mai kashe ido a saitin fitilar, sauran zanen kuma baƙi ƙirin. Da rana abin da ke fito da tagar ga na cikin coci shi ne sararin sama mai faɗi da ke bayanta. To na waje ma abin da yake bukata ke nan da dare: farin fili mai haske a bayan gilashin.

Saboda haka bango za ku haska. Ku tsaya a titi inda mutane ke wucewa, ku duba abin da ake hangowa ta cikin tagar. Mai kallo daga ƙasa yawanci silin yake gani ko saman bangon da ke fuskantarta. Idan wurin fari ne, fitilun LED biyu ko uku masu wat 30 zuwa 50 da aka juya gare shi sun isa a fara da su. Idan katako ne mai duhu, ku rataya farin labule da za a iya naɗewa, a bar tazara mai kyau tsakaninsa da gilashin, a haska shi daga ƙasa da sama, a naɗe shi da safe. Wannan ita ce hanya mafi araha da na sani.

Wajen sayen fitila, ku nemi mai lamba 90 ko fiye a ma'aunin CRI, wato ma'aunin yadda fitila ke fito da ainihin launin abu, in ba haka ba ja zai fito kamar ƙasa. Idan shuɗi ya fi yawa a zanen, ku ɗauki mai farin haske, wato mai lamba 4000K, don mai haske ruwan ɗorawa, wato 2700K, yana dusashe shi. Gilashin da yake fari-fari kamar madara shi kaɗai ke watsa haske da kansa, shi ana iya haska shi kai tsaye da LED daga nesa.

Kafin a huda bango ko ɗaya, ku ari fitila da doguwar waya, mutum ɗaya yana juya ta a ciki, wani yana titi yana faɗa masa ta wayar salula. Ku duba kuma ko akwai fitilar tsaro da ke dukan tagar ta waje, ko tsohuwar robar kariya da aka rufa wa tagar ta waje wadda ta yi rawaya, don kowannensu na iya kashe aikin. Ku sa agogon da zai kashe fitilun idan dare ya yi nisa. Wanda duk ya ce zai manna zaren LED da gam a jikin dalma ko gilashi, ku sallame shi, domin ranar da za a ɓamɓare shi da fentin zanen zai taho.