Gadagi ba kuloba ba ne, ɗana

Ka ce ka gani a waya ana kiran gadagi da sunan kuloba, amma a hoton ganye uku-uku ne, namu kuwa ɗaya. To, idonka bai yi maka ƙarya ba. Dangi ne dai, su da wake da gyaɗa duk gida ɗaya, sai dai ba uwa ɗaya uba ɗaya ba. Kuloba ta gaskiya 'yar sanyi ce, tsaunukan Habasha da ƙasashen Turai ne wurinta, a Masar kuma shuka wata ake yi lokacin sanyi, suna ce mata barsim. Ka kawo ta rairayin Daura, zafin bazara ɗaya ya ishe ta.

Namu kuwa ɗan jigawa ne. Jeka saura, ko gefen gonar gero ta wajen Sandamu ko Mai'aduwa, ka duƙa ka duba ƙarƙashin kyasuwa. Za ka gan shi yana yaɗo, ganye ɗaya-ɗaya kamar ƙaramin ƙwai, fure ja-ja ɗan mitsitsi. Abin da ba ya ɓata shi ne kwanson: siriri, gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ƙwaya ɗaya. Ka tuge guda ɗaya, ɗaya fa na ce, ka kakkaɓe ƙasar, za ka ga ƙananan ƙuraje a saiwar irin na gyaɗa. Da su yake ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi ya sa nake jin haushin mai kiransa ciyawar banza. Ban da masu dafa shi su sha kamar shayi, wannan kuma tasu ce.

Da kake tambayar me ya sa sai mun yi nisa muke samu, ai saura ta ƙare. Ko'ina an nome, ga feshin maganin ciyawa, ga yara masu tugewa da saiwa tun bai zuba iri ba.

Kai dai in Satumba ta yi nisa, kwanso ya fara nuna, sa lauje ka yanka sama-sama, ka bar wani ya zuba. Ka shanya a inuwa, don rana na kakkaɓe ganyen, ganyen kuwa shi doki ke so. In ka ɗaure dami, ɗora a rumfa nesa da gara. Wancan akawalin da za mu fitar hawan Gani, da shi za mu riƙe shi.