Amsoshin Tambayoyi: Wace Lamba Zan Zaɓa Wajen Matse Sauti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon caji da turi a wani ƙauye kusa da Ringim. Ni nake naɗar tafsirin malaminmu da azumi, in zuba wa jama'a a memori. Manhajar da nake matse sautin da ita, wato rage nauyin fayil ɗin, tana ba ni zaɓin 64, 128 ko 320. Nakan ɗauki 320 don kada na rage wa karatu daraja, amma memorin mutane yana cika da wuri. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan hidima. Ka sauko zuwa 64, karatun ba zai rasa wani abin da mai sauraro zai lura da shi ba.

Lambar nan tana nuna yawan bayanin da ake ajiyewa a kowace daƙiƙa ta sauti. MP3 na awa guda a 320 yana cin megabait 144, a 128 wajen 58, a 64 kuwa wajen 29. Memori mai gigabait 8 da zai ɗauki kimanin awa 50 a 320, zai ɗauki fiye da awa 250 a 64. Wanda ka tura wa ta WhatsApp ma datarsa za ta huta.

Muryar mutum ɗaya, da makirufo ɗaya, ba ta bukatar sitiriyo, wato sautin da aka raba hagu da dama. Ka zaɓi mono, wato sauti mai layi ɗaya, sai duk 64 ɗin ya tafi kan muryar malam maimakon a raba shi biyu. Manomin da ya rataya rediyo mai memori a bishiya yana shara a gona ba zai ji bambanci da 320 ba. Abin da zai ji shi ne ƙarar janareta da kukan lasifika, don haka ka fi mai da hankali ga kusantar da makirufo ga bakin malam. Wannan ya fi kowace lamba tasiri.

Waƙa mai kalangu da ganga daban ce, kada ka yi ƙasa da 128. Za ka kuma ga tsarin Opus, wanda WhatsApp ke amfani da shi a saƙon murya. Ya fi MP3 iya matsewa, sai dai yawancin ƙananan wayoyi masu madannai da rediyoyin nan ba sa buɗe shi. Ga mutanenka, MP3 ne.

Tambaya: Ina da tsofaffin wa'azozi da aka turo min, sautinsu ya dushe. In na mai da su 320 za su gyaru? Daga wata baiwar Allah a Gumel.

Amsa: Ba za su gyaru ba, Malama. Matse sauti kamar tankaɗe ne, abin da aka zubar ba ya dawowa cikin gari. Fayil ɗin zai yi nauyi kawai, kuma kowace sabuwar matsewa tana ƙara rage wani abu. Ki bar su yadda suke. In kin san wanda ya naɗa tun farko, ki roƙe shi na asalin.