Hutun kaka a Ingila da ƙananan yara: me za a saya, me za a haƙura da shi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Saƙonnin da suka shigo min wannan karon kusan duk a kan hutun yara ne na ƙarshen Oktoba, wanda makarantun Ingila ke bayarwa a tsakiyar zangon farko, sati ɗaya, su na Sikotilan nasu yakan zo da wuri wajen tsakiyar wata. Sati ɗaya ba wani yawa gare shi ba amma yana faɗowa ne daidai lokacin da gari ya juya, ganye na zuba, ruwa yau da gobe, ga shi ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya sai ki ga kafin ƙarfe biyar magariba ta yi. Toh ga abin da na samu amsawa.

Tambaya: Anti barka da ƙoƙari. Bana muka zo Manchesta, yarana biyu, ɗan shekara 5 da 'yar shekara 3. Na ga wata jibgegiyar rigar sanyi mai gashi a wuya, kuɗin guda ɗaya ya kusa cinye abin da na ware musu su biyun. In rufe ido in saya ko akwai dabara?

Amsa: Ƙanwata kar ki saya, ba yanzu ba dai. Abin da ke wahalar da yaro a Manchesta a Oktoba jiƙa ne da iska, sanyin kansa da rana wajen digiri 10 zuwa 13 yake tsayawa, kuma irin wannan jibgegiyar rigar in ba an rubuta ba ta shan ruwa ba to da zarar ta jiƙe ta yi nauyi, sai ta kwana biyu ba ta bushe ba. Ki riƙa shirya su kamar albasa, ɓawo kan ɓawo: riga mai dogon hannu a ciki, suwaita a kai, sannan rigar ruwa mai hula a sama. In sun yi guje-guje sun ji zafi a cire ɗaya.

Kuɗin da kika ware ki zuba shi a kan rigar ruwa da wandon ruwa da but na roba. Ita ƙaramar ki nemo mata wadda riga da wando suke haɗe, a zura ta ciki a ja zif shikenan, ta zauna a caɓi ma ba komai. In za ki saya ki juya cikin rigar ki duba ɗinkin, mai kyau za ki ga an bi kan ɗinkin da wani siririn tef an liƙe, don ta nan ruwa ke shiga. Wasu suna rubuta lambar ƙarfin hana ruwa a jikin takardar, daga 5,000 zuwa sama ta isa wasan yara. Girman rigar ki ƙara lamba ɗaya saboda suwaita da kuma baɗi, amma but ɗin kar ki ƙara da yawa, faɗuwa zai riƙa sa su, kuma ki sani roba ba ta riƙe ɗumi sai an haɗa da safa mai kauri. Aldi da Lidl suna kawo kayan ruwan yara a irin wannan lokacin da sauƙin kuɗi, Decathlon ma akwai, sannan ga gwanjo a manhajar Vinted da shagunan sadaka irin su Oxfam. Dan Allah kar ki ji nauyin shiga, masu kuɗin garin ma can suke saya wa 'ya'yansu tunda yaro ba ya shekara biyu da kaya ɗaya. Babbar rigar kuma ki jira Disamba ki gani, kuma ko kin saya kar a ɗaure yaro a kujerar mota da ita a jikinsa, bel ɗin ba ya kama jiki yadda ya kamata, a cire a ɗaure shi sannan a lulluɓa masa.

Abin da ya sa na nace a kan kayan ruwa shi ne, a gida yaro yana da tsakar gida da ƙofar gida da gidan maƙwabta, babu wanda yake zama ya tsara masa wasa. A nan kuwa ɗaki biyu ne da falo, maƙwabcin ƙasa na jin duk tsallen da aka yi, in kika kulle su sati guda su za su takura ke ma ki takura, kuka da faɗa da tsawa har dare. Duk abin da zai ba su damar fita awa ɗaya ko biyu da safe ko ana yayyafi, shi ya fi cancanta da kuɗinki. Na san an taso mu da tsoron kar sanyi ya kama yaro, amma mura ƙwayar cuta ce ake ɗauka daga mutum, ki dai tabbatar in sun dawo an canza musu duk abin da ya jiƙe. Kuma ki biya kemis ki sayi ɗigon bitamin D, hukumar lafiya ta NHS ta ce yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su riƙa shan maikurogiram 10 kullum, mu masu baƙar fata kuma manya da yara an ba mu shawarar sha duk shekara saboda ranar nan ba ta isar mu. Ba shi da tsada ko kaɗan.

Tambaya: Hajiya ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Coventry, maiɗakina tana aikin dare, da rana dole ta yi barci. Yaranmu 'yan shekara 4 da 2. Ina tunanin saya musu tabilet kowa da nasa don a samu shiru a hutun nan.

Amsa: Malam Allah ya dafa muku, wallahi na fahimci halin da kuke ciki kuma ba zan ce maka allo haramun ne ba. Amma guda biyu kam a'a. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce 'yan shekara 2 zuwa 4 kar su wuce awa ɗaya a rana a gaban allo, in kowa na da nasa kuwa ba za ka iya riƙe wannan ba, rabuwa da shi ma sai an yi kokawa. In dai sai an saya to guda ɗaya, irin na yara mai murfin roba, Fire Kids na Amazon yana da garantin shekara 2 ko fashewa ya yi za su canza, kuma in za ka iya jira ƙarshen Nuwamba lokacin ragin Black Friday yakan sauko. Na wannan satin kuwa CBeebies, tashar yara ta BBC a talabijin, ya ishe ku in kuna da lasisin kallo, babu talla a ciki.

Shirun da Maman yara take buƙata fita da su ne zai kawo shi. Ka kwashe su da hantsi ku tafi laburaren unguwa, kati kyauta ne har na jariri, akwai ɗumi ba ka ƙona wutar gidanka ba, kuma yawancinsu suna shirya karatun labari da zane a lokacin hutu, ka duba shafin kansil ɗinku. Allon ka ajiye shi sai duhu ya shiga. A lokacin ma ai gara a kira kakanninsu ta bidiyo su ji Hausa, ka dai tuna bayan canjin agogo Najeriya da Nijar suna gabanmu da awa ɗaya.

Tambaya: Anti wanki ya fi ƙarfina, ba ya bushewa, ina shanyawa a kan hita har bangon ɗakin yara ya fara baƙi-baƙi a kusurwa. Injin busar da kaya zan saya ko me?

Amsa: 'Yar'uwa wannan baƙin funfuna ce kuma ki ɗauke ta da muhimmanci tun yau, ba maganar ƙazanta ba ce, gidaje masu tsafta ma tana kama su. Duk ruwan da ya fita daga jikin wanki iska yake shiga, in taga a rufe take sai ya je ya kwanta a bango mai sanyi. A 2020 wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a Rochdale, bincike ya tabbatar funfunar gidansu ce ta lalata masa numfashi, har aka yi doka da sunansa, Dokar Awaab, da ke tilasta wa masu gidajen gwamnati gyara cikin ƙayyadajjen lokaci. Don haka ki ɗauki hoto, ki rubuta wa mai gidan a rubuce ba ta waya kawai ba, in ya yi biris ki kai ƙara kansil, kuma ki janye gadon yaran daga wannan bangon.

Batun saye, in haya kike a ƙaramin gida ni na'urar tsotse danshi zan ce ki saya. Wutar da take ja wajen wat 200 zuwa 300 ne, shi kuwa injin busarwa na gargajiya ya kai 2,000 zuwa sama, ga cin wuri. Ki shanya kayan a kan abin shanya a ɗaki ɗaya wanda ba a kwana a ciki, ki rufe ƙofa ki kunna ta a gefe, da safe za ki sha mamakin ruwan da za ki zubar. Mai lita 10 ko 12 ta isa gida mai ɗaki biyu. Kafin ki samu kuɗinta ki riƙa ƙara wa injin wanki zagayen matsewa sau ɗaya, ki buɗe taga minti goma da safe ko da sanyi, in kina dafa wake ko tuwo ki kunna fankar kicin.

Tambaya: Salam. Mun shekara biyu ba mu je Kano ba, Hajiyarmu na ta cigiyar jikoki. Tikiti a satin hutu ya yi tsada, muna so mu ƙara sati ɗaya a kai mu dawo da araha. Babban yana aji biyu na firamare.

Amsa: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ku yi lissafin nan tukun. Tun Agustan 2024 a Ingila, in yaron da ya kai shekarun karatun dole ya yi fashin kwana 5 ba izini cikin sati 10 ana iya cin tara, fam 80 kan kowane mahaifi kan kowane yaro in an biya cikin kwana 21, in an wuce ta zama 160. Wato ku biyu a kan yaro ɗaya fam 160 kenan, in aka maimaita cikin shekara 3 babu ragi, na uku kuma zai iya kaiwa kotu. Shugaban makaranta ne kaɗai ke da ikon ba da izini kuma arahar tikiti ba ta cikin uzurin da suke karɓa.

Abin da ya fi tarar damuna shi ne sauro. Oktoba ƙarshen damina ne, lokacin da maleriya take kan ganiyarta a arewa, yaran da suka taso a nan kuma jikinsu bai san ta ba, ku ma manya kariyar da kuka taso da ita tana raguwa in an daɗe ba a gida. Dole maganin rigakafi, galibi saye ake yi, irin su Malarone ana farawa kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya a ci gaba har kwana 7 bayan dawowa, na yara kuma da nauyin jikinsu ake auna shi don haka sai kun ga likita ko kemis na matafiya. Ga allurar shawara da katinta, ita kuma aƙalla kwana 10 kafin tashi. Ga shi babu jirgi kai tsaye daga Landan zuwa Kano sai an bi ta Abuja ko Alƙahira ko Adis Ababa, kwana biyu sun tafi a hanya. Ni dai da ni ce, hutun Disamba zan jira, sati biyu ne, hunturu ya shiga sauro ya ragu, ko kuma babban hutu na sati shida. Sai dai fa in jikin Hajiya ne ba daɗi, wannan kam ku rubuta wa makaranta gaskiyar magana ku tafi.

Tambaya: Anti ranar 31 ga wata yaran unguwa suna ƙwanƙwasa ƙofa neman alewa, nawa ma sun dawo da ita daga makaranta. Ya zan yi?

Amsa: Hukuncin shiga bikin Halowin na malamai ne, ki tambaye su. In ba kya so a ƙwanƙwasa, al'adar ita ce gidan da ya ajiye kabewa ko ya kunna fitilar ƙofa shi ake zuwa, ki kashe taki. Alewa mai danƙo kuma ki karanta bayan leda, yawanci da jelatin na alade ake yi, Haribo na manyan kantuna yana ciki, wanda aka yi a Turkiyya mai tambarin halal shi ake samu a shagunan musulmi. Ki ajiye naki a gida ki riƙa yi musu musaya don kar su ji an ƙwace musu. Alewa mai tauri kar a ba ɗan ƙasa da shekara 5, shaƙewa take sawa. Ki kuma shirya wa ƙarar wasan wuta daga yanzu har bayan 5 ga Nuwamba, daren da ake bikin wasan wuta a ƙasar nan, ki gaya musu tun da rana don kar su firgita.

Tambaya: Muna Lesta, muna so mu kai yara uku Landan yini ɗaya. Katin rangwamen jirgin ƙasa na iyali ya cancanci kuɗinsa?

Amsa: In akwai ɗan shekara 5 zuwa sama a cikinsu, eh. Katin, wato Family & Friends Railcard, yana rage wa manya kashi ɗaya cikin uku, yara 'yan 5 zuwa 15 kuma kashi 60 cikin 100, sau da yawa tafiya ɗaya mai nisa ta mayar da kuɗinsa. 'Yan ƙasa da 5 dama kyauta suke shiga, a cikin Landan kuma 'yan ƙasa da 11 ba sa biyan bas ko jirgin ƙarƙashin ƙasa in suna tare da babba. Manyan gidajen tarihi na ƙasa kyauta ne tun 2001, ku nufi South Kensington, gidan tarihin halittu da na kimiyya suna maƙwabtaka, a na halittun akwai ƙashin wata ƙatuwar dabbar teku da ake kira whale mai tsawon mita 25 rataye a zauren shiga, yara ba sa mantawa da shi. Ku yanki tikitin kyauta ta intanet tun kafin ranar don layin satin hutu ba wasa ba ne, ku zaɓi na farkon safiya, ku tsaya a gida ɗaya kawai kar ku ce sai kun gama duka. Abinci ku taho da shi daga gida a cikin kula, akwai wurin zama a ci, kuma ku yanki tikitin dawowa na wajen ƙarfe uku ko huɗu kafin cunkoson masu tashi daga aiki.