Tafin minti 13 a bikin fim: in ci gaba da ɗoki ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Akwai wani fim da na yi kusan shekara ina jira, irin mai duhun labarin nan na kisa da bin sawu, wanda ba ka gane mugun sai can ƙarshe. Tirelarsa na kalle ta ya fi sau goma. Makon jiya aka haska shi karon farko a wani babban bikin fina-finai a Turai, sai na ga shafuka suna ta cewa an tashi tsaye ana tafi har minti 13, wai wasu ma ficewa suka yi don ba za su iya jurewa ba. Na cika abokaina da surutu a kansa. Bayan kwana biyu sai ga masu sharhi biyu sun ce fim ɗin ya yi ja, ƙarshensa kuma bai gamsar ba. Yanzu ɗokin ya fara koma mini fargaba, na rasa maganar wa zan kama. Ga shi wani ya turo mini linki ya ce kwafin da aka haska a bikin ne ya fita. In buɗe?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da linkin, don shi ne kaɗai abin da zai iya cutar da kai yau. Kada ka taɓa shi. Manyan bukukuwa ba faifai suke sakawa ba. Fim yana zuwa musu ne a wani kulleren kunshi da ake kira DCP, kuma ba ya buɗewa sai da mabuɗin da aka yanka wa na'urar haskawar wannan zauren ita kaɗai, na wasu ƙayyadaddun sa'o'i. Lokacin ya wuce, mabuɗin ya mutu. Wanda ya ce maka yana da "kwafin biki" mako guda bayan haskawar farko, ko dai lambar katin bankinka yake nema, ko zai dasa maka wani abu a waya. In ka yi sa'a sosai, tirelar da ka riga ka haddace za ka tarar an maimaita. Goge shi.

To, sai batun tafi. Wannan tambaya tana zuwa mini duk watan Mayu bayan bikin fina-finai na Cannes, ta sake dawowa a Satumba bayan bukukuwan Venice da Toronto, kuma na gaji da ganin yadda ake yaudarar masu son fim da ita. An mayar da agogo alƙalin fim. Wani ya zauna a ɗakinsa, bai ga fim ba, bai taɓa shiga zauren ba, ya ɗauko lamba ya buga da manyan baƙaƙe, wai fim kaza ya fi fim kaza da minti huɗu. Sai ka ce tseren dawaki.

Ka san su wa ke cikin zauren a daren? Ɗauki babban zauren Lumière na Cannes, mai kujeru kusan 2,300. Daraktan yana zaune a tsakiyar jama'a, jaruman suna gefensa, furodusoshi da waɗanda suka zuba kuɗi da ma'aikatan kamfanin da zai sayar da fim ɗin da baƙin da aka gayyato duk suna nan cikin kwat da dogayen riguna. Mutumin da ya yi shekara uku yana wahala a kan aiki yana tsaye a gabanka idonsa ya cika da ƙwalla, wa zai iya zama ya naɗe hannu? Kara ce kawai. Ni kaina na taɓa tsayawa ina tafa wa fim ɗin da na yi gyangyaɗi a rabinsa, don ina tsakiyar layi, ba hanyar fita, kuma kowa a tsaye yake.

Abin da masu buga lambar ba sa gaya muku shi ne, akwai mai kyamara a cikin zauren, kuma abin da yake ɗauka ana nuna shi kai tsaye a babban allon. Zai tsaya a kan fuskar jaruma, tafi ya tashi. Ya koma kan jarumi na biyu, tafi ya sake tashi. Haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Fim mai taurari takwas dole tafinsa ya fi na mai taurari biyu tsawo, ko da na biyun ya ninka shi kyau. Tafin kuma yakan tsaya ne a lokacin da aka miƙa wa darakta makirufo, ko ya kama hanyar fita. Darakta mai kunya zai karɓa da wuri ya yanke abin. Mai son a gan shi zai tsaya yana ɗaga hannu yana rungume-rungume. Ka ga kenan halin mutumin ake aunawa. Ƙirgen ma ba a daidaita a kansa ba: wani ɗan jarida yana danna agogonsa da zarar sunaye sun fara hawa allo, wani sai an kunna fitilu. Shi ya sa dare ɗaya, zaure ɗaya, za ka ga mujallu biyu sun ba da lamba biyu, tazarar minti uku ko huɗu a tsakani.

In kana son misali daga irin fim ɗin da kake so, ga shi. A 2019 an haska Joker a Venice, aka yi masa tafin kimanin minti 8, ya ɗauki babbar kyautar bikin, ya kuma tara sama da dala biliyan 1 a gidajen kallo. A 2024 aka kawo na biyunsa zaure guda, tafin ya haura minti 10, ya fi na farkon tsawo. Da ya fito ga jama'a, masu kallon da kamfanin jin ra'ayi na CinemaScore ke tambaya a daren farko a Amurka suka ba shi makin D, wanda maki ne na ƙasa sosai, kuɗin da ya tara a duniya bai wuce dala miliyan 200 da ɗan ɗoriya ba. Ina masu agogo a ranar? Shiru kake ji. A ɗaya gefen kuma, Taxi Driver an yi masa ihun ƙi a Cannes a 1976, shi ya tafi da Palme d'Or, babbar kyautar bikin, har yau ana koyar da shi a makarantun fim. Wani zai ce ai Pan's Labyrinth ya samu tafin minti 22 a Cannes a 2006 kuma fim ne na gaske. Haka ne, na yarda. Amma alƙalan bikin ba su ba shi ko kyauta ɗaya ba a waccan shekarar. Wato tafin yakan dace da fim mai kyau, yakan dace da marar kyau, to me ya gaya maka?

Labarin "an fice" da "an suma" ma kusan duk kanwar ja ce. A biki mutane kullum cikin ficewa suke. Mai sayen fina-finai yana da huɗu ko biyar da zai leƙa a yini, in ya kalli minti ashirin ya gane ba na kasuwarsa ba ne sai ya miƙe, wani lokacin ma yana fita ne da sauri don ya riga abokin hamayyarsa yin tayi. Eh, akwai lokacin da ficewar ta gaske ce. A 2018 sama da mutum 100 sun fice daga fim ɗin darakta Lars von Trier a Cannes saboda munin kashe-kashen ciki, waɗanda suka rage kuma suka tashi suka tafa masa. Amma ga fim mai ban tsoro ko mai duhu, babu tallar da ta kai "mutane sun kasa jurewa" arha da tasiri, kuma masu talla sun san haka sarai. In mutum ɗaya ya yi jiri a zaure mai zafi da ƙarfe ɗayan dare, kafin gari ya waye labarin ya zama an kwashi mutane a motar asibiti. Abin da ke ba ni haushi shi ne sojojin gonan da ke kiran kansu masu sharhi, waɗanda ke kwafo sanarwar kamfanin talla su canza kalma biyu su ce rahotonsu ne. Su suka jefa ka cikin wannan fargabar, kuma ko sisi ba za su mayar maka ba in ka fito daga silima ranka a ɓace.

Yanzu masu sharhin nan biyu da suka sare maka gwiwa. Su ma kada ka ɗauke su hukuncin ƙarshe. Mai sharhi a biki yana kallon fim uku zuwa biyar a rana, kwana goma a jere, barcinsa kaɗan, kuma ana so ya miƙa rubutu cikin awa ɗaya ko biyu da fitowarsa. Fim mai tafiya a hankali yana tara fargaba kaɗan-kaɗan shi ya fi shan wahala a hannun gajiyayyen mutum, "ya yi ja" ita ce kalmar da ta fi saurin zuwa bakinsa. Kuma ba lallai abin da suka gani shi za ka gani ba. Ana yawan kai fim biki da ɗuminsa, sauti bai gama zama ba, sannan a koma ɗakin tacewa bayan an ji ƙorafi. In mutum biyar sun ce tsakiyarsa ta yi nauyi, kada ka yi mamaki in wanda zai fito ya ragu da minti goma.

Abin da ni nake dubawa in na so sanin inda fim ya dosa kaɗan ne. Wane sashe aka sa shi? Shiga gasa daban, haskawa a wajen gasa daban, wanda sau da yawa don taurari su taka jan kafet ne. Sashen tsakar dare, irin Midnight Madness na Toronto, ko bikin Sitges na Sifaniya wanda dama na fina-finan tsoro da almara ne, jama'arsu sun shigo ne da niyyar ihu, sai ka rage wani abu daga zumuɗinsu. Amma in su ɗin suka yi sanyi da fim irin nasu, to wannan alama ce da za a ji tsoro. Sannan ina duba jadawalin da mujallar Screen International ke fitarwa kullum a Cannes, inda masu sharhi daga ƙasashe daban-daban ke ba kowane fim ɗin gasa maki daga sifili zuwa 4. Ba jimillar nake kallo ba, rarrabuwar nake kallo. Fim ɗin da wasu suka ba 4 wasu suka ba 1 ya fi ja mini rai a kan wanda kowa ya ba 2 da rabi, musamman a wannan nau'in, don fim mai duhu da bai ɓata wa kowa rai ba da wuya ya yi ƙarfin hali. Kason Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara ra'ayoyin masu sharhi, na makon farko kuwa, na sharhi goma sha ne, kuma yana nuna yawan waɗanda suka ce "ba laifi" ne, ba ya nuna zurfin son da suka yi masa. Kyautar masu kallo ta Toronto ta fi tafi daraja nesa ba kusa ba, don waɗanda suka sayi tikiti ne ke kaɗa ƙuri'a, ba idon darakta a kansu. Sai na ƙarshe: akwai kamfanin da ya saye shi ya sa ranar fitowa? In babu, ka ɗaura ɗamarar jira, wani fim yakan yi shekara tsakanin biki da gidan kallo.

Akwai kuma wata ɓarna da wannan bin diddigin ke yi maka wadda ba ka lura ba. Fim ɗin bin sawu jarinsa ɗaya ne, rashin saninka. Ba sai an gaya maka waye mugun ba. Da zarar wani ya rubuta "ku jira juyin da ke minti ashirin na ƙarshe", ya gama da kai, don za ka zauna kana zargin kowane hali, kana jiran juyin, ba ka cikin labarin. Ga shi har an riga an sa maka cewa ƙarshen bai gamsar ba, za ka shiga da wannan a ka. Darakta Alfred Hitchcock tun 1960 ya hana a shigar da wanda ya makara zauren da ake haska Psycho, ya roƙi masu kallo kada su faɗi ƙarshen. Shi yana tsare wa mai kallo abin da ya biya kuɗi don ya samu, ku kuma yanzu da hannunku kuke zuwa neman wanda zai ƙwace muku.

Don haka ka shiga saitin shafukan da kake bi ka toshe sunan fim ɗin da na daraktan da na manyan jaruman. Tirela ta biyu in ta fito kada ka kalla, ita ce ake cusa wa rabin labarin don a jawo waɗanda ta farkon ba ta kama ba, kai kuma tuni an kama ka. Abokanka da ka cika da surutu, ka ce musu ji ka yi ba gani ba, kuma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ranar da ya fito ku je tun a makon farko kafin bakuna su yi yawa. In ka dawo ka rubuto mini, ina son jin ko ƙarshen nan da aka kushe ya gamsar da kai.