Amsa: Masu biyan kuɗin motsa jiki suna ɓacewa bayan wata biyu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka buɗe gidan motsa jiki a Samaru, mutane su biya wata ɗaya ko biyu sai ka neme su ka rasa, kana tambaya ko ƙaro injina ne mafita. A ganina ba a nan gizo ke saƙa ba.

Da yawa cikin masu zuwa magidanta ne da likita ya ce su rage tumbi saboda hawan jini ko ciwon suga. Irin wannan, in ya yi sati uku sikeli bai motsa ba, sai gwiwarsa ta yi sanyi. To ka nuna masa ci gaba ta wata hanyar. Sayi na'urar awon hawan jini, ka samu ma'aikaciyar jinya ta riƙa zuwa duk Asabar, a rubuta wa kowa awonsa a kati. Wanda ya ga nasa ya sauko daga 150 zuwa 135 da wuya ya daina zuwa. Amma kada mai horarwa ya ce wa kowa ya ajiye maganinsa, wannan hurumin likita ne.

Shawarar abinci kuma a yi ta da abin da ke tukunyarmu: malmalar tuwon masara nawa, sukari cokali nawa a fura.

Mata a ware musu lokaci da mace mai horarwa. Da azumi a koma bayan asham. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) kuwa ka bari su dakatar da biya lokacin hutu, su ɗora in an dawo. Tausa ma tana jan mutane, sai dai a biya ta daban.