Tambaya da Amsa: Kwabban Italiya a Adakar Kaka

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan unguwar Birni ne nan Zinder, muna kwashe kayan kakanmu bayan rasuwarsa sai muka iske wasu kwabbai na jan ƙarfe cikin adaka, akwai kan wani bature mai ƙaton gashin baki, an rubuta VITTORIO EMANUELE II RE D'ITALIA, bayan kuma 10 CENTESIMI 1866. Wani a kasuwar Dole yace in goge su da lemun tsami da toka zai saya. Dan Allah suna da tsada ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan tsoho. Da farko dai kar ka kuskura ka goge su! Wannan duhun da suka yi shi masu tara tsoffin kuɗi suke so, kana dirzawa suna ƙyalli darajar ta zube, kuma ba ta dawowa.

Mai gashin bakin nan shine sarkin farko na haɗaɗɗiyar Italiya, daga 1861 har ya mutu a 1878. An buga mishi kwabban centesimi, wato ƙananan kuɗin Italiya na lokacin, na 1, 2, 5 da 10, kuma abin burgewa nauyin kowane daidai yake da lambarsa, na 10 giram 10 ne, na 5 giram 5, kai ka kai wajen maƙerin zinari ya ɗora a sikeli, in ya ɗan gaza to yawon hannu ne ya cinye shi.

Yanzu juya bayan, can ƙasan zanen ganyen da ya kewaye lambar ka ja da kamarar salula zaka ga ƙaramin harafi, shine garin da aka buga. M Milan, N Napoli, T Torino, H kuwa Birmingham ce ta Ingila, OM kuma Strasbourg, don lokacin har waje suka bada kwangilar bugawa. Nan daɗin tarawar yake, shekara guda amma haruffa daban daban kana bi kana cikewa.

Batun tsada kuwa gaskiya kar ka sa rai da yawa, miliyoyi aka buga, wanda ya sha hannu har fuskar ta shafe ba wani kuɗi bane. Amma na 5 na 1861 mai harafin B, wato Bologna, bai cika yawa ba, in ka gan shi ware shi gefe. Kowane ka naɗe shi a takardarsa daban nesa da danshi, ka turo mana hoton gaba da baya kafin ka koma wajen mutumin na Dole.