Yadda muke gaisuwa a Zangon Kumasi

Ɗan'uwa, ka tambaye ni ko mu Hausawan Kumasi har yanzu muna gaisuwa irin ta gida. Kalmomin suna nan daram. Da safe a unguwar Aboabo ko Asawase za ka ji "ina kwana, ina gajiya, yaya iyali", yaro kuma ya rusuna wa babba. Haka fataken goro suka bar mana, da waɗanda suka watso daga garin Salga na arewacin Ghana bayan yaƙin basasar da aka yi a can a 1892.

Tsarin shiga taro ne muka aro wurin Asantawa, 'yan asalin Kumasi, kuma a nan baƙinmu daga Kano ko Katsina suke yin tuntuɓe. Ku a can, mutum yakan nufi dattijon da ya fi kowa ya fara gaishe shi. A nan daga hannun dama ake farawa, a bi mutane ɗaya bayan ɗaya zuwa hagu, ko da yaro ne a farkon layi, domin tafin hannunka ya riƙa fuskantar wanda kake gaisarwa. Ka tsallake mutum uku don ka kai ga mai furfura, za a yi maka shiru, amma an gani. Sai ka zauna a kawo ruwa, masu gida su taso su zagayo su gaishe ka, sannan a tambayi abin da ke tafe da kai. Ko su ne suka aika a kira ka, sai an tambaya, kai kuma ka faɗa daga tushe. Ni wannan tana burge ni, don takan hana baƙo kwana da magana a ciki.

Amsar gaisuwarsu ma da lissafi. In an ce maka "maakye" da safe, sa'an mahaifinka za ka amsa masa da "yaa agya", sa'ar mahaifiyarka "yaa ena", tsaranka "yaa nua". Yaranmu tun kafin su shiga makarantar allo suke iya wannan.

Sallama kuwa, ba a miƙewa a kakkaɓe riga a ce "ni zan koma". Hanya ake roƙo, mai gida ya ce an ba ka, ya yi maka "nante yie", wato a sauka lafiya. A cikin Zango mukan ɗora namu a kai, mu ce a gaida gida, mu taka maka har bakin titi. Idan Allah ya kawo ka, ka jira a ba ka hanyar tukuna kafin ka nemi takalmanka.